Katin bindigata da wasiƙu biyun da suka kusa gagara ta

Wasiƙar ta zo ne wata Talata cikin watan Maris na 2021, sati uku da sallamo ni daga asibiti. Uwargida ce ta ɗauko ta daga akwatin wasiƙu, ta ajiye mini kusa da kofin shayi, ba ta ce uffan ba. Ban kai ƙarshen shafin ba na gane abin da ke ciki. An soke katina na mallakar bindiga, kuma an ba ni awa 48 in miƙa shi ga 'yan sandan yankinmu, in rubuta inda kowace bindigata za ta koma.

A jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka, inda nake zaune a gefen birnin Shikago, ba ka isa ka ajiye bindiga ba, kai ko harsashi ɗaya ba za a sayar maka ba, sai da wani kati da ake kira FOID. Tun 1968 ake wannan doka. Kuɗinsa dala 10 ne, yana yin shekara 10, kuma wanda bai taɓa shiga rigima ba samunsa ba wuya. Ni na samu nawa a 2016, shekara bakwai da zuwana ƙasar ta hanyar cacar biza. Wanda ya san ni zai san dalili. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Sumaila, kakana ma haka. Da warin albarushi na tashi, ina ɗan shekara goma nake riƙe masa jakar tsumma yana ɗura bindigar toka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na ji cewa a nan ana farautar barewa da izini duk ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba, sai na ji kamar an dawo mini da wani sashen jikina da na baro a gida. Na sayi doguwar bindiga ta farauta. Bayan shekara biyu, da wasu suka tare ni cikin tasi da dare suka karɓe cinikin ranar, na ƙara da ƙarama na ajiye a gida.

Baba ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a Kano, ana dab da kama azumi. Filayen jirgin sama a rufe, Najeriya ba ta buɗe wa jiragen ƙasashen waje ba sai a watan Satumba. Ta waya na karɓi gaisuwa, ta waya na yi wa Inna ta'aziyya. Nan kuma aiki ya mutu murus, filin jirgin da muke layi ya zama kango, ga kuɗin haya, ga bashin mota, ga mutanen gida da suka saba jin saƙo duk wata. Barci ya fara gudu na. Sai in kwana ido biyu ina lissafin da ba ya ƙarewa, da asuba in tashi jiki kamar an yi mini duka. Abinci ya fita raina. Yarana su zo suna ba ni labarin makaranta, ina kallon bakinsu amma ba na jin me suke cewa. Wata goma ina cikin wannan hali, duk wanda ya tambaye ni in ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina jin kunyar in ce wani abu na damu na, ni da ake cewa Allah ya yi wa buɗi, ni da nake Amurka.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne tunanin da ya fara zuwa mini cikin dare. Na san haramun ne, na san makomar wanda ya kashe kansa, ina korar tunanin da a'uziyya, ya tafi ya dawo. Wani dare cikin sanyin Fabrairu uwargida ta farka ta same ni zaune a ƙasa gaban akwatin ƙarfen da bindigogin suke, makulli a hannuna. Ban buɗe ba. Ta durƙusa ta zare makullin daga hannuna a hankali, ta ce, "Maigida, don girman Allah tashi mu je asibiti." Na bi ta. Da hannuna na sa hannu a takardar kwanciya a sashen masu ciwon damuwa, na yi kwana shida.

Ban sani ba a lokacin cewa doka ta wajabta wa asibiti ya sanar da gwamnatin jiha duk wanda aka kwantar a irin wannan sashe, kuma wanda aka kwantar cikin shekara biyar da suka wuce ba ya riƙe katin. Da wasiƙar ta zo sai raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ashe da na yi shiru da ba a taɓa ni ba. Na ce an ɗauke ni mahaukaci, an sa ni layi ɗaya da 'yan fashi. Har uwargida na ɗora wa laifi, Allah ya yafe mini, na ce ita ta jawo.

Akwai wani dattijo ɗan Zangon Kumasi da muke farauta tare, mun saba ce masa Alhaji. Shi na kira, don doka ta yarda ka ba wa wanda katinsa yake aiki ajiyar bindigarka, muddin ka cike takardar da ke nuna irin bindigar, lambarta da sunan wanda ya karɓa. Ƙarya na yi masa. Na ce matsalar takardu ce, an yi kuskure a kwamfuta. Ya zo da motarsa ya kwashe su, bai tsananta tambaya ba. Amma da na fara ƙorafin awa 48, sai ya ce, "Ƙanena, ka manta abin da ya faru a Orora?" Ban manta ba. Ranar 15 ga Fabrairun 2019 wani ma'aikaci ya harbe abokan aikinsa biyar a wata masana'anta a garin, tafiyar kamar awa ɗaya daga inda muke. Daga baya aka gano tun 2014 aka soke katinsa, amma bindigar tana hannunsa ba wanda ya karɓa. Na yi shiru. Washegari na kai katin ofishin 'yan sanda, aka karɓa, aka ba ni shaida.

Shekara biyu ban sake waiwayar maganar ba. Ina shan magani, ina ganin mai ba da shawara duk sati biyu, na bar tasi na koma tuƙin babbar mota. A hankali barci ya dawo, ɗanɗanon abinci ya dawo. Duk Nuwamba Alhaji ya kawo mana cinyar barewa, in karɓa in yi godiya, in shiga ɗaki zuciyata na suya.

A farkon 2023 na je wurin wata lauya in ji ko akwai mafita. Ta bayyana mini cewa ƙofa biyu ce. Idan kuskure aka yi, misali an haɗa ka da wani mai irin sunanka ko an rubuta maka laifin da kotu ta wanke ka, sai ka ƙalubalanci bayanan da takardun shaida. Idan kuwa abin da aka rubuta gaskiya ne, to roƙo za ka yi a ɗage maka haramcin, kuma tun daga 1 ga Janairun wannan shekarar wani kwamiti mai mutum bakwai da gwamna ke naɗawa ne yake duba irin wannan ɗaukaka ƙara. Ta ce zan iya jira shekara biyar ta cika, sannan in kawo takardar likita kawai, ko in nema yanzu amma da nauyi mai yawa. Ta tambaye ni sau biyu ko da kaina na kwanta ko kotu ce ta tilasta. Na ce da kaina. Ta ce wannan ya taimake ni, domin wanda kotu ta tilasta wa kwanciya dokar tarayya ma ta hau kansa, tasa hanyar ta fi tsawo. A nan na fara gane cewa daren da uwargida ta ja ni asibiti, ba raina kawai ta tsare ba.

Ta ba ni jerin abin da ake buƙata: bayanina da kaina na abin da ya faru, duk takardun asibiti da na mai ba da shawara, sabon binciken likitan ƙwaƙwalwa mai lasisin jihar, da wasiƙu aƙalla biyu daga manyan mutane, an buga musu hatimin notari, wato jami'in da ke shaida cewa kai ne ka sa hannu. Na ce wannan mai sauƙi ne, ina da mutane. Na je wa Alhaji da limaminmu na ce ina son takardar shaidar hali don gyaran katina. Suka rubuta da zuciya ɗaya: mutumin kirki ne, mai riƙon amana, ba ya faɗa, ba ya shaye-shaye. Na kai wa lauya ina murna. Ta karanta, ta turo mini su baya a kan tebur. Ta ce ba shaidar kirki ake nema ba. Dole mai rubutun ya nuna ya san dalilin da ya sa aka soke katin, ya san an kwantar da ni, ya faɗi yadda yake ganin hankalina yanzu, kuma ko yana ganin akwai haɗari in riƙe bindiga. Ta dube ni ta ce, "Sun sani?" Na sunkuyar da kai.

Wata uku takardun nan suna cikin aljihun mota. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da nake tsoro. A wurinmu ciwon ƙafa ciwo ne, ciwon ciki ciwo ne, amma da an ce asibitin ƙwaƙwalwa sai a ce ya taɓu. Kalmar tana bin mutum har kabari, tana bin 'ya'yansa ranar neman aure. Mu da muke 'yan tsiraru a baƙon gari, magana in ta fita Juma'a, kafin Lahadi ta isa Kano da Kumasi da Yamai. Ina da 'ya mace da ta fara girma. Na yi ta auna farautar kwana bakwai a shekara da mutuncin gidana, na ga bai kai ba. Sau biyu na yanke shawarar in bari. Abin da ya hana ni, na lura ba bindigar ce ke ci mini rai ba. Ƙaryar da na yi wa Alhaji ce. Shekara biyu mutumin nan yana ajiye da kayana a gidansa, yana goge su, yana kawo mini nama, bai san abin da yake tsare ni daga gare shi ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan sallar isha'i wata Laraba na jira kowa ya watse, na matsa kusa da liman na ce, "Allah gafarta Malam, takardar da ka rubuta mini, akwai abin da na ɓoye maka." Na faɗa masa komai, har daren makulli. Ina magana ina kallon darduma. Da na gama ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kai ne na huɗu da ya zauna a nan ya faɗa mini irin wannan, kuma kowannenku yana zaton shi kaɗai ne." Ya tuna mini Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ya tuna mini cewa shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, shekarar baƙin ciki ake kiran ta. Ya ce neman magani umarni ne. Sannan ya yi mini tambayar da ban zata ba: "Idan na rubuta cewa ba haɗari, alhali akwai, jininka yana wuyana. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, tunanin nan yana zuwa har yanzu?" Na ce ya fi shekara ɗaya da rabi bai zo ba. Ya ce zai tambayi matata kafin ya rubuta. Kuma ya tambaye ta.

Alhaji kuwa, da na gama ba shi labari a cikin motarsa, hawaye na gani. Ya ce, "Ƙanena, tun ranar da na zo kwasar kayan na ga fuskar matarka, na san ba kwamfuta ba ce. Jira nake ka faɗa da bakinka." Wasiƙarsa shafi biyu ce, da hannu ya rubuta kafin 'yarsa ta buga masa. Ya rubuta cewa ya ga lokacin da na rame na daina dariya, ya ga lokacin da na dawo, kuma in ya sake ganin alamar farko shi da kansa zai zo ya karɓi bindigar ko ina so ko ba na so.

Binciken likita ya ci mini kuɗin aikin kusan sati biyu, inshora ba ta biya ba. Zama biyu muka yi, ga tambayoyi ɗaruruwa a takarda, ga hira. Ya karanta duk abin da asibiti ya rubuta a kaina, har maganganun da na yi a daren farko waɗanda ni kaina na manta. Ya tambaye ni me zan yi in Inna ta rasu gobe. Ya tambaye ni me ya sa nake son ƙaramar bindigar. Na buɗe baki in ce tsaro, sai na ga ba ni da amsa, tunda na bar tasi kuma unguwarmu lafiya take. Shi ya gaya mini abin da daga baya na je na karanta da idona: a 2021 mutum sama da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Mu kullum ɗan fashi muke hange, alhali ga mafi yawan waɗannan mutane haɗarin yana cikin ɗakinsu, a wani dare guda da ya yi musu nauyi. Kafin in bar ofishinsa na yanke shawarar sayar da ƙaramar, na kuma sa aka rubuta haka a cikin bayanina.

Bayanin nawa sau biyar na sake shi. Na farko duk kare kai ne, ina nuna cewa abin bai kai yadda aka ɗauka ba. Lauya ta ce kwamitin yana da takardun asibiti a gabansa, in na rage wani abu za su gani, kuma abin da doka ta ce su duba shi ne ko akwai alamar zan zama haɗari ga jama'a, da ko mayar mini da katin ya saɓa wa maslahar jama'a. Mutumin da bai yarda ya yi ciwo ba, ta yaya za a yarda ya warke? Na ƙarshe da Hausa na fara rubuta shi, don a cikinta ne kawai na iya faɗar gaskiyar yadda take, sannan na juya shi. Na rubuta cewa ranar da aka karɓe katin ban cancanci riƙe shi ba. Wannan jimla ta fi kowace wuyar rubutawa, kuma har yau ina kan ta.

Akwai wahalar da ba ta da daɗin labari: bin asibiti a ba ka takardunka, jiran notari, da kula da kwanan wata, domin binciken likita da wasiƙun dole su kasance sababbi lokacin da za a miƙa su. Wasiƙar liman ta tsufa kafin rahoton likita ya fito, sai da ya sake sa hannu. Muka tura komai a ƙarshen bazara. Daga nan sai jira. Kullum da asuba kafin in tada mota sai na duba shafina a intanet. Ba a kira ni zama ba, da takardun aka yi hukunci. Bayan wasu watanni, ina wurin shan mai a jihar Indiyana, na duba na ga an amince. Na kira uwargida. Ta ce alhamdu lillahi, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Amma da sharaɗina." Sharaɗinta shi ne harsashi ba zai kwana a gidanmu ba, yana wurin Alhaji, ranar farauta in karɓa, in mun dawo in mayar. Haka muke yi har yanzu.

Wani abu da nake so 'yan'uwana da ke wannan jiha su sani, don na ji masu cewa ba za su je wurin likita ba kada a karɓe musu kati: zuwa ganin mai ba da shawara ko shan maganin damuwa kana gidanka ba ya soke katin, sai in likita ya ga kana dab da cutar da kanka ko wani. Da na je tun watannin farko, da wataƙila ban kai ga kwanciya ba sam. Shirun da na yi ne ya kai ni can. Kuma tun watan Yulin 2022 akwai lambar 988 da mutum zai kira ko ya aika wa saƙo kowane lokaci, dare ko rana, in abin ya taso masa.

Ƙarshen Nuwamban da ya biyo baya muka gangara kudancin jihar, kusa da dajin Shoni, ni da Alhaji, da rigunanmu masu ruwan lemo da doka ta ce a sa. Rana ta biyu da hantsi na samu namiji. Na yi bisimilla, hannuna bai yi rawa ba. Muka kai aka gyara, uwargida ta yi dambun nama, aka kai wa liman kasonsa.

A daren ne na kira Inna. Ita kaɗai ta rage ban gaya wa ba. Na fara da labarin barewa, ta yi ta sa albarka, sannan na ce, "Inna, akwai abin da ya same ni bayan rasuwar Baba." Ta saurara har na gama, ina jin numfashinta da kukan awaki a bayanta. Na zaci kuka za ta yi ko faɗa. Sai ta ce, "Ɗan nan, ai mahaifinka ma ya yi irin wannan. Shekarar da yayarka ta rasu, kana goye. Ya daina cin tuwo, ya daina zuwa dandali, sai ya zauna a zaure ya zuba wa bango ido. Baffanka ya zo wata safiya ya sauke bindigar daga inda take rataye, ya tafi da ita gidansa. Damina biyu ta yi a can."

Na ce me ya sa ba a taɓa gaya mana ba. Ta ce, "Wa zai faɗa?" Na tambaye ta yadda aka yi ya dawo masa da ita. Ta ce Baffa ya zo ya zauna da shi tun daga la'asar har magariba suna magana su biyu, ba ta san me suka ce ba, washegari ya aiko yaro da bindigar a naɗe cikin buhu. Ta ce tana nan rataye a ɗakinsa, ba wanda ya taɓa ta tun da ya rasu, in na zo gida in duba ko tsatsa ta ci bakin.